Yadda Na Riga Baba Yakubu Isa Kumasi

Kowa ya ɗauka aikina shi ne in ɗaga waya, in danna, in ɗora. Haka yaran da suka gama sakandare bana suke zuwa shagona a unguwar Sakasaka, nan Tamale, kowace da wayarta mai ido uku, ta ce, "Sista Zuwera, ni ma ina so in buɗe shafin bidiyo irin naki." In na nuna mata gidan can mai koriyar ƙofa na tambaye ta gidan wa ne, kuma wa ke da magana a cikinsa, sai ta tsaya tana kallona. To ku saurara, don ba na son maimaita magana. Ɗaukar bidiyo shi ne abu mafi sauƙi a wannan sana'a. Akuya ma in ka rataya mata waya a wuya za ta dawo maka da wani abu. Wahalar tana wurin mutanen da ke cikin bidiyon, da waɗanda za su gan shi, da wanda ya kamata ya riga wani gani. Ni jarina ƙofofin gidajen mutane ne. Ranar da suka daina buɗe mini, na tashi daga aiki. Kuma an taɓa rufe mini su kusan shekara guda, saboda abin da na yi da yatsa ɗaya.

A hannun Masta Fuseini na koyi aiki, mai ɗaukar bidiyon biki da suna. Sakamakon jarrabawata bai kai ni gaba ba, kuma na riga na gaya wa mahaifiyata ba zan tsufa ina dama koko a bakin titi ba. Ita ta kai ni wurinsa da goro a ƙulle cikin ganye. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa kyamara ba. Jaka nake ɗauka, da doguwar wayar wuta, da kujerar da yake takawa in mutane sun tare masa gaba. In mun isa gidan biki sai ya sa mu ajiye komai a bakin ƙofa, mu shiga hannu wayam, mu durƙusa mu gai da maigida, mu bi tsofaffin mata ɗaya bayan ɗaya. In gidan Dagombawa ne mu yi ta "naa, naa" har gwiwata ta yi tsami. Ni kuwa ina ta leƙen waje, don rana na tashi, haske mai kyau na wucewa.

Wata rana na kasa haƙuri, na ce, "Masta, lokaci fa yana tafiya."

Ya ce, "Bar shi ya tafi. Ke kika haife shi?"

Bayan gaisuwa yana da tambaya ɗaya da ba ya tsallakewa. Sai ya matsa kusa da maigida, ya rage murya, ya ce, "Wa ba za mu ɗauka ba?" Kuma ba mu taɓa shiga gidan da aka ce babu ba. Wani gidan mace ce mai takaba, wani gidan matar da mijinta ba ya so a nuna ta, wani gidan mai ƙaramin ciki ce da ba a so a sani tukuna. Na haddace wannan tambaya har na ɗauka ita ce ƙarshen ilimin.

A lokacin, a faifai Masta yake zuba wa mutane bidiyonsu, daga baya ya koma memori. Sai masu biki suka fara cewa, "To ɗanmu da ke Italiya fa, ta yaya zai gani?" Ni na ce a bar ni in buɗe shafi a dandalin bidiyo, duk hidimar da muka ɗauka in ɗora a can. Masta bai hana ni ba. Ya ce, "Ki yi. Amma ni ba na shiga kasuwar da ba na ganin fuskar mai saye."

Wata shida na farko shafin a sanyaye yake. Waya na nuna mini cewa ana kallo, amma ba mai cewa uffan. Kamar mutane su leƙo ta saman katanga su wuce. Abin da ya sauya shi wani suna ne a unguwar Kasalgu. Kakar jaririn, Hajiya Lariba, tana Ankara, babban birnin ƙasarmu, ta karye a ƙafa, ba ta iya hawa mota. 'Yarta mai jego tana ta share hawaye a ɗaki, wai jikan fari ne kuma uwarta ba ta nan. Na kunna waya ɗaya kai tsaye a shafi, na kira Hajiya da ɗayar, na kanga ta a bakin makirfo bayan malam ya gama raɗa suna. Tsohuwar ta yi wa yaro addu'a da muryarta mai rawa, ta ambaci sunan mijinta da ya rasu wanda aka mayar wa jaririn. Duk rumfar ta amsa da amin. Da na duba ƙarƙashin bidiyon sai ga amin na zubowa, daga Kumasi, daga Ankara, daga Jamus, daga wata mata a Jidda da ta rubuta cewa ita ta yi wa mai jegon wankan farko. A ranar na gane abin da nake sayarwa. Mutanenmu ba kallo suke nema ba. So suke su halarta, kuma a san sun halarta.

Daga nan na sauya yadda nake aiki. Duk wanda ya rubuta kwament, sai in amsa masa da sunansa da sunan gidansu, in tambayi 'ya'yansa. Tsofaffi ba sa rubutu, don haka na ce su turo mini murya, ni in rubuta a ƙarƙashin bidiyo: "Mma Fati ta Jisonayili ta ce Allah ya raya, ya sa mahaddaci ne." In an karanta mata cewa mutum biyar sun ce amin a kan maganarta, sai ta yini tana faɗa wa maƙwabta. Na koya wa mutane kada su bar gaisuwar kowa a ƙasa. In wani ya rubuta, a amsa masa, kuma da wuri, kamar yadda ba a barin mai sallama a tsaye. Wasu mata biyu da rabonsu da juna tun makarantar allo suka gane juna a ƙarƙashin bidiyon wani ɗaurin aure. Shafin ya koma kamar tsakar gida ranar biki, wannan na kiran wancan, wancan na tsokanar wannan.

Kayan aikina ba su da yawa. Waya biyu, ɗaya ta ɗauka, ɗaya ta kira. Sanda mai ƙafa uku da nake ɗora wayar a kai, wadda ƙafarta ɗaya na ɗaure da robar taya tun shekarar farko. Ƙaramin makirfo da nake maƙala wa malam a wuyan riga, kuma kullum sai na tuna masa kada ya yi tari a ciki. Pawa-bank biyu, don ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba. Lema, don rana tana sa waya ta yi zafi ta kashe kanta ana tsakiyar addu'a. Amma babban kayan aikina littafi ne mai baƙin bango. Kowane gida da shafinsa: maigida, matansa, 'ya'yansa, garin da kowa yake, da sunan da yake amfani da shi a dandalin, don wanda uwarsa ta san shi da Abdurrazaƙ a can ya zama Sarkin Milan. In na ɗora bidiyon gida sai in buɗe littafin, in sa sunan kowane ɗan gidan da ke nesa a ƙarƙashinsa, abin da muke ce wa tag. Da na sa, wayar mutum za ta yi ƙara a duk inda yake a duniya. Wannan ne ya ɗaga shafina. Mutane na cewa, "Ku kira Zuwera, ita ba ta mantuwa da kowa."

Masu kawo aiki kuwa kala-kala ne. Akwai wata Hajiya a Jisonayili da ta zauna da agogo ta auna daƙiƙa nawa aka nuna leshinta, nawa aka nuna na maƙwabciyarta, ta zo shago da sakamakon. Akwai mutumin da duk bikin da na ɗora sai ya rubuta cewa naman bai kai wurin da ya zauna ba. Irin wannan ina barinsa, yana sa mutane dariya. Abin da nake gogewa shi ne zagi, da tonon asiri, da habaicin da duk unguwa ta san da wa ake. Kuma ba na toshe mutum daga shafi sai na fara kiran yayarsa ko kawunsa. Toshe mutum daidai yake da a kore shi daga gidan biki a gaban jama'a, gobe kuma a layin famfo ɗaya za ku tsaya. Yaran da ke ganin aikin da sauƙi ba sa ganin wannan. Bidiyon minti biyar yakan ci mini awa ɗaya na ɗauka, da kwana uku na gadi.

Yanzu shekarar da ta ɓaci.

Alhaji Mahama, mai shagon kayan babur a Sakasaka, ya rasu ranar wata Talata, aka binne shi kafin la'asar. Ranar Alhamis da safe Sule, ɗan ƙanwarsa, ya kira ni. Sule a Ankara yake zama, a safiyar ya sauka daga mota. Ya ce 'ya'yan Alhaji biyu da ke Italiya sun matsa masa suna so su ga addu'ar uku. Ni kuma ina Jisonayili ina ƙarasa wani suna. Na tattara kaya, na hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, na iso an riga an shimfiɗa tabarmi, malamai sun zauna. Sule ya tare ni a waje, ya ce da irin kiran 'yan Ankara, "Cale, Sista, yi sauri, sun kusa farawa."

Ban shiga na yi gaisuwa ba. Ga Baba Yakubu, ƙanin marigayi, wanda yanzu shi ne babba a gidan, yana zaune a tabarmar gaba, taku goma tsakanina da shi. Ga Hajiya Sanatu, matar marigayi, a ɗaki. Na ce a raina in an gama sai in gaishe su. Na kafa sanda, na ɗauka. Na kula ban juya wayar wajen ɗakin mai takaba ba, don haka na ɗauka na cika ƙa'ida. Ana shafa addu'a na ga Baba Yakubu ya tashi da 'yar jaka a hannu, an ɗauke shi a babur. Ban tambayi ina za shi ba. Na koma shago, na gyara bidiyon, da azahar na ɗora. Na rubuta, "Addu'ar uku a Sakasaka, Allah ya jiƙan mamaci." Na buɗe littafina a shafin gidan Alhaji Mahama, na sa sunan 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya yadda na saba. Biyu na Italiya, ɗaya na Ankara, sai Rahina ta Kumasi. Na jefa wayar a jaka na hau yalo-yalo zuwa Kasalgu, wurin wata amarya.

Ga abin da ban sani ba, wanda da na durƙusa minti biyu a gaban Baba Yakubu da na sani. Rahina tana da cikin wata takwas. Ta yi ɓari biyu kafin wannan, jininta ya hau, likita ya ce ta kwanta. Don haka manyan gidan suka yanke cewa ba za a gaya mata ta waya ba. An sanar a masallacin unguwa, an sanar a tsakar gida kafin in iso, cewa kada kowa ya sa komai a waya. Mijinta ya sani, ya yi shiru. Baba Yakubu kuwa motar Kumasi ya je hawa, don ya zauna a gabanta, da mijinta da wata tsohuwa a gefe, ya faɗa mata yadda ake faɗa: a fara da cewa jikin Alhaji ya yi tsanani, a bar ta ta sha ruwa, a bar ta ta fara zargi da kanta, sannan a ƙarasa. Duk unguwa ta riƙe wannan magana kwana biyu, har 'yan mata masu surutu. Ni kaɗai ce ban ji ba.

Da na sauka a Kasalgu na ciro wayar. Kwament na farko a ƙarƙashin bidiyon na Rahina ne. Ta rubuta, "Sista Zuwera, wannan ai ƙofar gidanmu ce. Wa ya rasu?"

Kuma an amsa mata. Mutanen da ni na koya wa kada su bar kowa a tsaye, na Ankara da na Jamus da na Jidda waɗanda ba su ji sanarwar masallaci ba, sun amsa mata da wuri. "Allah ya jiƙan Alhaji, Rahina." "Sai haƙuri, 'yar'uwa, mahaifinki mutumin kirki ne." Sun fi goma, ba wanda ya yi da mugun nufi. Na goge bidiyon a tsaye a bakin titi. Ban gama ba Masta Fuseini ya kira. Bai yi mini sallama ba. Ya ce, "Kin gaishe su kafin ki ɗauka?" Bai jira amsa ba. Ya kashe wayar.

Rahina ta faɗi a tsakar ɗakinta. Maƙwabta suka kai ta asibiti, aka yi mata aiki aka ciro yarinya tun lokaci bai yi ba. Baba Yakubu yana cikin mota bai ko kai Techiman ba aka kira shi. Maimakon gidanta, asibiti ya wuce. Allah ya yi da sauran kwana, uwa ta tashi, yarinyar ta yi makonni a cikin kwalba ita ma ta rayu. Amma kwana huɗu na farko ba wanda ya san yadda za a ƙare, kuma duk Sakasaka ta san ta hannun wa labarin ya fita.

Bayan addu'ar bakwai Masta ya zo gidanmu ya ce in sa mayafi. A nan ba ka zuwa ban-haƙuri kai kaɗai, sai da babba a gabanka. Ya sayi goro da kansa. Muka shiga, muka durƙusa. Masta ya yi magana, ya ce yarinyarsa ce, laifinta laifinsa ne, shi ya sake ta tun ba ta gama koyo ba. Baba Yakubu ya bar goron a ƙasa bai taɓa ba. Ya ce da ni:

"'Yata, tun daga tashar Tamale nake shirya maganar da zan faɗa mata. Kalma ta farko, ta biyu, inda zan tsaya ta huta. Na shirya wanda zai riƙe ta. Ke kuma kina zaune a shagonki kika riga ni isa Kumasi."

Na ce, "Baba, Sule ne ya kira ni."

Masta ya daka mini harara. Baba Yakubu ya ce, "Sule ne ya binne Alhaji? Sule baƙo ne, jiya ya zo, gobe zai tafi. Ke a unguwar nan aka yanke miki cibiya. Kin ga ni a zaune?"

Na ce na gan shi.

Ya ce, "To." Ya sa hannu ya ɗauki goro ɗaya, don girman Masta. Hajiya Sanatu daga bayan labule ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba ta ƙara komai ba, ba ta kuma kira sunana ba.

An yafe, amma ba a kira ni aiki. Amaryar Kasalgu ta aiko ta ce mijinta ya samo wani. Sunaye uku da aka riga aka gaya mini suka wuce ban ji komai ba. Ba wanda ya zage ni a titi, ana amsa gaisuwata sarai. Sai dai in na shiga gida sai in ga hira ta tsaya, ana kallon jakata. Tsofaffi suka daina turo murya. Shafin ya koma yadda ya fara, ana leƙowa ana wucewa. Na koma ina taya mahaifiyata dama kokon da na rantse ba zan dama ba, kuma ba ta taɓa tuna mini ba. A wannan lokacin wani mai shafi a cikin gari ya zo ya ce mu haɗa kai, in riƙa ɗauko masa haɗarin mota da faɗan kasuwa, wai su ne ke jawo masu kallo. Na tambaye shi, in mutum ya ga babur ɗin ɗansa a kwance a titi fa? Ya ce ai ko ba mu ɗora ba wani zai ɗora. Na ce to wanin ya ɗora, ni na riga na yi nawa.

Ayyukan da suka fara dawo mini ƙanana ne: wata mai ɗinki da ke so a nuna kayan sallah, wata makarantar Islamiyya mai sauka. Duk inda na je sai na ajiye kaya a ƙofa, in shiga in yi gaisuwa har ƙarshe, ko rana za ta faɗi. In na yi tambayar Masta, "Wa ba za mu ɗauka ba?", sai in ƙara tawa: "Wa bai kamata ya gani ba tukuna?" Ta farko ta ishi Masta a zamanin faifai, don faifai sai an ɗauka da hannu an kai wa mutum. Ni abin da nake ɗorawa yana tafiya da ƙafarsa.

Wata goma sha ɗaya bayan rasuwar, ina shago da hantsi sai wata mata ta yi sallama, da yarinya goye a bayanta. Rahina ce. Na miƙe, na gaishe ta. Ta amsa gaisuwata, ta kunce goyon ta zaunar da yarinyar a cinya, 'yar siririya mai manyan idanu. Ba ta zagaya ba. Ta ce, "Bidiyon nan, kin goge shi duka, ko yana nan?"

Na ce na cire shi daga shafi, amma yana cikin memori.

Ta ce, "Ban ga jana'izarsa ba. Ban ga komai ba. Ƙofar kawai na gani, da tabarmi. Ina so in ga su wa suka zo."

Na ce bari in tura mata a wayarta yanzu.

Ta ce, "A'a. Na gwada kallo ni kaɗai sau ɗaya, ya ishe ni. Ki zo da shi gida bayan la'asar."

Na je. A ɗakin Hajiya Sanatu muka zauna, ita da Rahina da Baba Yakubu da ƙannen marigayi mata biyu. Na jingina wayar a jikin kwanon sha a kan kujera, na danna. Minti goma sha biyu ne bidiyon, amma mun fi awa muna kallo, don kowane lokaci sai wani ya ce in tsayar. "Wancan mai farar hula abokinsa ne tun suna gyaran keke." "Wannan daga Yendi ya taso." Hajiya, da ke ɗaki a ranar ba ta ga komai ba, ta matso har goshinta na neman taɓa wayar. Da aka zo inda malam ya ambaci sunan Alhaji, Rahina ta rufe fuska da mayafi, gwaggonta ta jawo ta jikinta, Baba Yakubu ya ce in dakata. Muka jira har ta ce a ci gaba. Bidiyon nan dai shi ne wanda ya kai ta asibiti. Ban sauya masa ko daƙiƙa ɗaya ba.

Da zan tafi Baba Yakubu ya ce, "Na Italiya fa? Su ma ba su gama gani ba kika cire."

Na ce, "Baba, akwai yadda za a yi. Ana iya buɗe wuri a rufe, na gidan nan kaɗai. Ba mai shiga sai wanda aka buɗe wa, ba abin da zai fito a ciki sai an yarda."

Ya ce, "Wa zai yarda?"

Na ce, "Ku."

Ya yi dariya, karo na farko da na ji dariyarsa tun rasuwar. Ya ciro wayarsa daga aljihun gaba, ƙarama mai maɓalli, an ɗaure bayanta da roba. Ya ce, "Da wannan?" Rahina ta ce za ta bar masa tsohuwar wayarta in za ta koma.

To ga abin da na yanke, kuma 'yan matan da ke son koyo a wurina su ji tun yanzu. Babban shafi zai ci gaba da biki da suna da sauka, amma rasuwa ba za ta sake hawa kansa ba, ko wa ya kira ni, ko nawa zai biya. Na daina sa sunan kowa a ƙarƙashin bidiyo da hannuna. Kowane gida da ke cikin littafina zan buɗe masa nasa wurin a rufe, kuma makullin ba zai zauna a hannuna ba, zai zauna a hannun wanda ke da magana a gidan, ko tsoho ne da bai taɓa shafa gilashin waya ba. Na san masu kallo za su ragu. Mai shafin cikin gari ya riga ya aiko mini cewa na kashe kasuwata da kaina. Wadda kuma take so ta koya, wata uku za ta yi tana ɗaukar jaka tana gaisuwa kafin ta taɓa wayata. In ta ce lokaci na tafiya, na san amsar da zan ba ta.

Gidan Alhaji Mahama ne na farko. Na je ranar Asabar na fara koya wa Baba Yakubu. Yatsansa yana da kauri, yana danna abu biyu a lokaci ɗaya, sau uku ya kira wani mahauci a Kasalgu ba da niyya ba. Na nuna masa inda sunan mai neman shiga yake fitowa, da inda zai danna in ya yarda. Na farko da ya fito Sule ne. Baba ya kalli sunan, ya ce, "In ban danna ba fa?"

Na ce, "Zai tsaya a waje."

Ya kife wayar a kan tabarma, ya ce, "To ya tsaya tukuna. Ya kira ni ya gaishe ni."

Asabar mai zuwa zan koma. Akwai gida arba'in da ɗaya a littafin, kuma a kowanne sai na fara durƙusawa.